A Garwa Na Ga Zakaran Sukuwa Yana Sayar da Harawa

Kayan doki ne sana'ar gidanmu, kuma su ne suka kai ni Garwa, a arewacin Kamaru. Wani Alhaji, jikan Kanawa da kakanninsa suka yi zango a can tun zamanin fatauci da jakuna, ya aiko a yi masa jalala da ragama da linzami, ya ce in kawo da kaina don a gwada a jikin dabbobin. Na kwana a Yola, da asuba na shiga motar kan iyaka. Tafiyar ba wata mai nisa ba ce, sai dai ƙura da gargada da tsaye-tsayen duba takardu kan cinye wa mutum yini. Da muka tsallaka muka bi ta Gashiga, garin Lamiɗon Demsa, wanda duk mai harkar doki a wannan yanki ya san fadarsa da ingarmu. Da la'asar sakaliya muka hango duwatsun Tingilin masu shimfiɗaɗɗen kai, can ƙasa kuma ga gari kwance a bakin Binuwai.

Wanda ya san Yola ba zai ji baƙunta a Garwa ba. A da ƙasa ɗaya ce, Fombina, wadda Modibbo Adama ya kafa bayan ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu, kafin Turawa su ja layi a tsakani. Jamusawa suka kama garin a 1901, Ingilishi da Faransawa suka ƙwace shi a 1915, ya faɗa a rabon Faransa. Nan aka haifi Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko. Fillanci ne harshen kasuwa, Faransanci na ofis, amma da ka shiga Hausare, unguwar da na sauka, sai ka ji Hausa tana tashi daga kowane zaure, ta mahauta da dukawa da masu tireda. Zafi kam ba a magana. Da hantsi ya ɗaga kowa gindin darbejiya yake nema, Allah ya saka wa waɗanda suka dasa su a titunan garin.

Bargar Alhaji tana bayan gidansa. Gefe guda ga dawakin hawan sallah, ƙosassu masu faɗin ƙirji, waɗanda aikinsu ɗaukar ado da kai jafi ƙofar Lamiɗo. Ɗaya gefen kuma na sukuwa ne, sirara, masu dogayen ƙafafu da shafaffen ciki, yawancinsu daga Cadi da Sudan aka kawo su ko aka kawo iyayensu. Muna cikin gwajin kaya sai ga wani dattijo ya turo kura shaƙe da harawa. Gajere ne, ba shi da jiki, yana ɗingishi, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Ya yi sallama, ya sauke dammansa, sannan ya nufi wani bikili ya shafa ƙafarsa ta gaba tun daga gwiwa har kofato. Ya ɗago ya ce, "Alhaji, jijiyar nan da zafi. Kada a fitar da shi gobe." Alhaji mutum ne da ba a cika ba shi umarni a gidansa ba, amma abin da ya ce kawai shi ne, "To, Baba, an gama."

Da dattijon ya fita, Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam, ka san wanda ya fita nan kuwa? A zamaninsa, daga Ngaundare zuwa Marwa har Kuseri, in aka ce shi ne a kan doki, to sauran na biyu suke nema. Ya yi wa mahaifina hawa, ya yi wa waɗanda suka fi mahaifina. Kofunan da ka gani a falona, yawancinsu shi ya ciyo su." Na tambaya ko akwai wanda aka rubuta sunansa a jiki. Ya ce a'a, sunan doki ake sawa da na mai doki. Daga nan hankalina ya bar kan jalala ya koma kan mai harawa.

Washegari bayan azahar na sa yaro ya raka ni gidansa. Ɗaki ɗaya ne da rumfa, an jera damman harawar wake da ta gyaɗa har sama. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, mun same ku lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki ya gode Allah, ɗana. Kai ne Bakanon mai kayan doki ko? Ɗinkinku ya yi kyau. Amma ragamar akawal ɗin nan ka sassauta ta, tana cin sa a bayan kunne."

Kallo ɗaya ya yi wa dokin jiya, yana tsaka da sauke kaya.

Ya ce bai daɗe da warkewa daga kaciya ba aka kai shi barga. Aikinsa kwashe kashi, jiƙa dusa da kanwa, da kai dawaki wanka Binuwai, inda ake koya wa yaro sa ido saboda dorina. A hanyar dawowa daga kogi ya koyi hawa, ba sirdi ba likkafa, igiya kawai. Wata rana mahayin gidan ya kwanta ciwo ana gobe tsere, aka duba aka ga babu mai rashin nauyinsa, aka ɗora shi. Ya zo na ɗaya, kuma tun daga ranar bai sake zama ɗan kallo ba sai da girma ya kama shi. Karaya kuwa ya daina ƙirgawa: kafaɗa, haƙarƙari, yatsu. Ta cinya ce ta raba shi da sirdi, don ɗorin bai kama daidai ba.

A bangon ɗakin, kusa da wata tsohuwar kalanda mai hoton Ka'aba, akwai hoton da aka yanko daga jarida, ya yi ja saboda hayaƙi da shekaru. Wani ɗan gajeren Bature ne sanye da shuɗiyar riga, ya daka tsalle daga bayan doki, hannuwa a sama, ƙafafu a iska, baki buɗe don murna.

"Baba, wannan fa?"

"Wannan ai sarkin masu sana'armu ne. Detori."

Yadda dattijon da bai taɓa wuce Ngaundare ba ya san Faranki Detori shi ma abin ji ne. A garuruwan Kamaru akwai 'yan rumfunan cacar dawaki, inda ake sa kuɗi a kan tseren da ake yi a Faransa. Kullum ana buga takarda mai jerin dawakin da za su fita, da nauyin da kowanne zai ɗauka, da sunan mai shi, da na mai horar da shi, da na mahayinsa. Baba ya ce shi bai taɓa sa ko dala ba, kuma na yarda da shi. Tsofaffin takardun yake roƙa a ba shi, ya sa 'yan makaranta su karanta masa, in kuma ana nuna babban tsere a talabijin sai ya je ya tsaya can baya. Masu caca lambar doki suke kallo, shi kuwa hannun mahayi yake kallo. Yanzu jikansa ne ke buɗo masa bidiyo a waya. Muka zauna, shi yana kawo abin da idonsa ya gani, ni ina kawo abin da na karanta, har labarin mutumin ya haɗu.

An haifi Detori a Milan ta Italiya ranar 15 ga Disamba, 1970. Gado ya yi, don mahaifinsa ya zama zakaran mahayan Italiya sau 13. Yana ɗan shekara 14 uban ya tura shi Ingila, garin Niyumaket, cibiyar dawakin sukuwa ta ƙasar, ya zama yaron barga a hannun wani mai horar da dawaki ɗan ƙasarsu, Luka Kumani. Ba ya jin Turanci, ga sanyi, ga shara da kwasar kashi tun duhun asuba. A nan Baba ya katse ni ya ce, "To ka gani, ɗana. Da tsintsiya muka fara, ni da shi." A 1990, bai cika shekara 20 ba, ya ci tsere sama da 100 a kaka guda, abin da babu matashin da ya yi tun Lesta Figot, shahararren mahayin Ingila. Ya zama zakaran Birtaniya a 1994 da 1995, ya kuma a 2004. Shekara 18 ya yi yana sa shuɗiyar rigar Godolphin, bargar Shaihu Muhammad bin Rashid Al Maktum na Dubai, kuma ita ce rigar da ke cikin hoton.

Ranar da ta fitar da sunansa daga da'irar masu doki ta kai shi bakin kowa ita ce 28 ga Satumba, 1996, a filin sukuwa na Askot da ke Ingila. Tsere bakwai aka shirya a ranar, ya hau a dukkansu, ya cinye dukkansu. Wanda bai san doki ba zai ɗauka sa'a ce kawai. Baba ya gyara zama ya yi mini bayani da hannu: "Doki kowanne da halinsa. Wani yana so ka sakar masa tun daga tashi, wani kuma in ka sakar masa ka kashe shi, sai ka ɓoye shi a bayan 'yan'uwansa har a zo kwana ta ƙarshe. Wani bulala ɗaya ta ishe shi, wani in ka taɓa shi ya yi fushi ya daina gudu. A ce ka hau bakwai a yini guda, ka karanci kowanne, tazarar wani gajera ta wani doguwa, ba ka yi kuskure a ko ɗaya ba? Wannan baiwa ce." Na uku a jerin shi ne babban tseren ranar, wanda ya ci a kan Mark of Esteem. Amma na bakwai ne abin labari. Dokin, Fujiyama Crest, babu wanda ya sa masa rai da safe, ga shi shi ne mafi ɗaukar nauyi, ga tazara ta kai mil biyu. Detori ya fitar da shi gaba tun farko, ya riƙe gaban, na biyu ya taso masa a ƙarshe amma ya tsira da tazarar wuya. Masu lissafi sun ce yiwuwar cin bakwai ɗin ɗaya ce cikin sama da 25,000, kuma kamfanonin caca na Ingila sun tafka asarar miliyoyin fam a yammacin nan. Daga baya har mutum-mutuminsa aka kafa a filin, wanda al'adarsu ce ba tamu ba. Abin da ya fi burge ni shi ne, da dokin nan ya tsufa ya daina gudu, Detori ya ɗauko shi ya ajiye a gidansa yana ciyar da shi har ya mutu. Tsallen da yake yi in ya ci babban tsere kuwa, a wurin wani shahararren mahayi na Amurka, Anjel Kodero, ya kwaikwayo shi, amma yanzu da shi aka san shi.

Masu kallo tsallen suke gani, ba sa ganin yunwar. A Turai kowane doki da nauyin da aka yanka masa. Ana auna mahayi tare da sirdinsa kafin a tashi, a sake auna shi bayan an sauka, in bai kai ba a cika da dalma, in ya wuce kuwa hawan ya kuɓuce masa. Don haka ƙaton namiji mai iyali zai zauna a kilo hamsin da 'yan kai shekara da shekaru. Detori da bakinsa ya faɗa cewa ya sha ƙwayoyin fitar da ruwan jiki da na wanke ciki don sikeli ya karɓe shi. Da na faɗi haka Baba ya gyaɗa kai, ya ce su filasko suke sha, su wuni a kan shayi da goro, su sa riguna a jere su yi gudu da tsakar rana a zafin Garwa. "Ranar da ka yi ƙiba, ranar aka samo wani yaro." Ya ce har yau cikinsa bai iya karɓar tuwo da yawa ba.

Sauran rayuwar Detori hawa da sauka ce. A farkon Yunin 2000 ƙaramin jirgin da ya ɗauko shi ya faɗi yana tashi daga Niyumaket. Matuƙin ya mutu, shi kuma wani abokin sana'arsa da suke tare ne ya jawo shi daga ciki da karayar idon sawu. Gasar Derby, shahararren tseren Ingila, ta yi ta ƙi masa har sai 2007. A ƙarshen 2012 ya rabu da Godolphin, sannan hukumar sukuwa ta Faransa ta dakatar da shi wata shida saboda an sami hodar iblis a gwajinsa, kuma ya amsa laifinsa. Mutane da yawa suka ce ya ƙare. A 2015, yana da shekara 44, ya dawo a kan Golden Horn ya ci Derby, ya kuma ci Arc de Triomphe, babban tseren Faransa na mita 2,400 da ake yi a farkon Oktoba. Sau shida ya ci wannan tsere, babu mahayin da ya kamo shi. Biyun ƙarshe, na 2017 da 2018, a kan Enable ya ci su, ta Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya, kuma goɗiya ce. Wannan ya daɗe yana ba Baba mamaki, tun da a wurinmu namiji ba ya hawa goɗiya ya shiga taro, ga ta kuma ta bar ingarmun Turai a baya shekara biyu a jere.

Abin da Baba bai ji ba shi ne na baya-bayan nan. A ƙarshen 2023 Detori ya koma Amurka da hawa, a watan Maris na 2025 kuma ya sanar cewa ya tsiyace a hukumance, bayan doguwar taƙaddama da masu karɓar haraji na Birtaniya. Dattijon ya yi shiru, ya ce, "Allah sarki. Ashe shi ma." Can kuma ya ce, "Amma sunan fa, ɗana? Shi ma sun karɓe?" Na ce a'a, yana nan a rubuce, kowane tsere da ranarsa da dokinsa. Ya ce, "To bai tsiyace ba."

Ranar sukuwa tare muka tafi. Fili ne a bayan gari, fetal, an share da'ira, jama'a ne shingensa. Ga makaɗa, ga maroƙa, ga masu ruwan sanyi da gasasshen kifi, manya kuma suna ƙarƙashin rumfa cikin manyan riguna. Ni dai wurin mahaya na tsaya. Yara ne yawancinsu, wasu gemu bai fito musu ba. Wani da takalmin roba, wani ƙafa tsirara, biyu ko uku da hular kwanon 'yan acaɓa, sauran kai a sake. Baba ya nuna mini wani siririn yaro a kan kili ya ce in sa masa ido, shi ya koya masa. Na lura likkafarsa gajera ce ƙwarai, gwiwoyinsa sun kusa taɓa wuyan dokin. Wannan zama ba namu ba ne, sirdinmu na gargajiya mai tudu gaba da baya na zama daram ne. Wani baƙar fata ɗan Amurka, Wili Sims, shi ya nuna wa Ingilishi irin wannan hawa a 1895, suka yi masa dariya, sai da wani ɗan ƙasarsu Tod Silon ya zo bayansa ya yi ta cinye su da shi sannan kowa ya kwaikwaya. Hikimar ita ce mahayi ya ɗage nauyinsa daga gadon bayan doki, ƙafafunsa su shanye girgizar, dokin ya ji kamar shi kaɗai yake gudu. Baba ya ce shi a hoto ya gani, ya gajarta likkafarsa, aka yi ta yi masa ba'a har sai da ya fara barin mutane a baya.

Aka tashe su. Ƙura ta turnuƙe, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafa. Kilin yana na huɗu ko na biyar, jama'ar mai shi suna ta ihu a sakar masa, Baba kuwa yana cewa a hankali, "Riƙe, riƙe, ba yanzu ba." A kwana ta ƙarshe na gaba ya buɗe waje kaɗan, yaron ya cusa kilin ta ciki, ya kwanta a wuyansa, hannuwa suna tura linzami gaba da baya, bulala sau ɗaya tak. Ya wuce su ɗaya bayan ɗaya. Na ga dattijo mai ɗingishi ya ɗaga ƙafa yana neman yin tsalle.

Sai fili ya cika. Aka yanyame dokin, aka yi ta manna wa mai shi kuɗi a goshi, maroƙa suka ɓarke da kirarinsa da na kakanninsa. Mai lasifika ya faɗi sunan doki, ya faɗi sunan mai doki da garinsu, ya maimaita har sau uku. Yaron kuwa an ɗan ɗaga shi sama, an sauke, wani ya cusa masa takardar sefa a hannu, sai ga shi ya kama ragama yana zagayawa da dokin don ya huce. A wannan tsere kuma wani yaro ya faɗi a kwana, aka ɗauke shi a kan babur, mutum ɗaya a gaba ɗaya a baya suna tallafe da shi. Sunansa shi ma ba a faɗa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba zan zalunci masu dawaki ba. Kiwon dokin sukuwa rami ne na kuɗi: gero, harawa, dusa, magani, albashin 'yan barga, kuɗin mota zuwa Marwa ko Injamena, kuma abin da ake ci a fili ba ya mayar da ko rabi. Don so suke yi da neman suna, ba don su ba da al'adar ta mutu. Akwai masu kirki a cikinsu. Mai masaukina ya yi wa mahayansa aure, ya saya wa wani babur, harawar Baba ma yana sayenta fiye da yadda bargarsa ke buƙata, kowa ya san dalili. Amma duk wannan alheri ne, ba haƙƙi ba, kuma alheri yakan bi mai shi kabari. Mu al'ummar da ke yi wa doki waƙa ce. Ɗanhilinge da Narambaɗa ya wasa, har yau yaro ya san sunansa. A ce mun iya riƙe sunan doki shekaru aru-aru amma mun kasa riƙe na ɗan'adam ɗin da ya sa wuyansa a kai, wannan bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Abin da ya raba Detori da Baba ba iya hawa ba ne kaɗai. A can, mahayi yana da kuɗin hawa da aka yanka, ya ci ko bai ci ba, yana da kaso a kyautar tsere, dole ne ya sa hular kariya da rigar kare ƙirji, motar asibiti kuma tana biye da su a gefen fili. A Birtaniya akwai asusun kula da mahayan da suka ji rauni tun 1964. A Faransa duk shekara ana ba wanda ya fi kowa cin tsere kyautar bulalar zinare, kuma Baba ya san cewa wani ɗan Beljiyam, Kiristof Sumiyon, ya karɓe ta sau 10. Za a ce ai kuɗin caca ne ke ɗaukar wannan duka, kuma gaskiya ne a Turai. Na ga abin da cacar ke yi a Garwa: magidanta zaune da biro da takarda tun safe, suna lissafin dokin da ke gudu a ƙasar da ba su taɓa zuwa ba, kuɗin cefane yana tafiya. Allah ya tsare mu da gina sukuwarmu a kan wannan. Amma ga Dubai, inda ba a caca a filin sukuwa, tun 1996 suke gasarsu ta duniya, Detori kansa ya ci ta sau huɗu, a 2000 da 2003 da 2006 da 2022. Ga Saudiyya da ta fara tata a 2020 da kyautar dala miliyan 20. Ba mu da kuɗinsu, na sani. Amma littafi da biro nawa suke? Mai lasifika da ya faɗi suna biyu, me zai rage masa in ya faɗi na uku?

Da dare muna cin tuwo da miyar yakuwa a tsakar gida na kawo wa Alhaji maganar. Na ce, "Ranka ya daɗe, abu biyu nake roƙo. A saya wa yaran nan hular kwano ta hawa, wadda ta yi daidai da kansu. Sannan a riƙa faɗar sunan mahayi a fili, a kuma rubuta a ajiye."

Ya ce ta hula ba matsala, shi ma abin yana damunsa tun da ya ga yaron da ya faɗi. Ta suna ce ya ja numfashi a kai. "Malam, kai baƙo ne, bari in gaya maka gaskiyar abin. Yaro in sunansa ya fita, gobe wani daga Marwa zai zo ya ɗauke min shi da kuɗin da ya fi nawa. Ni na raine shi, ni na ciyar da shi, ni na ba shi dokin da ya koya a kai. Ba ni kaɗai ba, duk masu doki wannan suke tsoro."

Na ce, "To ai sai a riƙe shi da abin da zai hana shi tafiya, Alhaji. Shaihun Dubai ma da haka ya riƙe nasa shekara 18."

Ya yi murmushi ya ce ni da shaihun Dubai muka san wannan. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai ce zai kawo maganar a zaman masu dawaki bayan sallah, kuma ya san waɗanda za su fara tashi su ƙi. Sannan ya ƙwala wa yaron barga kira ya zo da zare a auna kan mahayan gidan, ya ƙirgo sefa ya ba ni, ya ce in na samo hulunan a Kano in ba direban Yola ya kawo kafin sukuwa ta gaba.